Mama, Sophea Ta Tafi da Yarenta

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa da ladabi a cikin sunan Ubangiji. Na san ba a kai wasiƙa inda kike, amma tun da kika rasu ban samu wanda zan yi wa dogon labari da Hausa ba, sai ke.

Mama, Sophea ta tafi. Ita ce 'yar Kambodiyan nan da nake ba ki labarinta a waya, mai gadon da ke ƙarƙashin nawa a masaukin ma'aikata. Tare muke aiki a siton furanni a Dubai Investments Park, muna datse ƙasan fure muna ɗaurawa don otal-otal. A waje rana kamar wuta, mu kuwa muna ɗakin sanyi da rigunan sanyi. Mai kula da mu Oga Wim ne, dattijo ɗan ƙasar Holan, inda furannin ke fitowa. Da Turanci ake aiki, da ɗan Larabci: "yalla", a yi sauri, da "khalas", an gama. Amma da zarar waya ta yi ƙara, kowa sai ya koma yaren uwarsa, ni kuma in kasa kunne, halin da na gada a wurinki.

Yaren Oga Wim daga maƙogwaro yake fita. Ranar da na fara jin ya yi ina kwana da yarensu, na ɗauka ƙayar kifi ce ta maƙale masa, har na miƙa masa ruwa. Sukan haɗa kalma biyu ko uku ta zama ɗaya, doguwa kamar tirela. Na Sophea, wato Khmer, kalmominsa gajeru ne, tana cije ƙarshensu. Rubutunsu a nannaɗe yake, babu tazara tsakanin kalma da kalma.

Kin tuna ranar da ta turo mini kwanon shinkafa ta ce "nyam bai"? Nyam, Mama! Abin da kike ce wa matan Fulani masu nono a kasuwar Numan in kin zuba musu abinci. Wai a wurinsu ma ci yake nufi, bai kuwa shinkafa. Da na kira ki na faɗa miki, kika yi ta dariya, kika ce, "To, ashe yunwa ce ta koya wa kowa magana." Da na ƙara da cewa dattijai ba a ce musu nyam, akwai tasu kalmar ta girmamawa, kika ce lallai mutanen nan suna da tarbiyya.

Ba sa kiran sunan mutum gatsau. Wanda ya girme ka bong ne, wanda ka girma oun. Ta girme ni, don haka na zama oun, ƙanwa. Su Oga Wim kuwa "ke" ɗinsu biyu ce, "u" ta girmamawa da "jij" ta na kusa. Ni tun zuwana "u" nake tsokanar sa da ita, yana murmushi.

Da hantsi Yaya Bitrus ya kira ya faɗa mini rasuwarki, ina riƙe da almakashi. Fasfona yana wurin sabunta biza, ba halin tafiya. Aka binne ki ina nan.

Oga Wim ya cire safar hannunsa, ya kama hannuna, ya faɗi kalma ɗaya tak, doguwa, ta ta'aziyya a yarensu. Ta maƙale masa a maƙogwaro da gaske a ranar, idonsa ya yi ja. Ashe matarsa ta rasu kafin ya zo Dubai, ban taɓa sani ba. Ya ce, "Daga yau ki ce mini jij." Sophea ba ta yi mini ta'aziyya da baki ba. Ta raka ni ɗaki, ta dafa kunun shinkafa, ta zauna a bakin gado tana cewa, "Oun, nyam," har na sha.

Na zaci za mu daɗe tare. Amma da kwantiraginta ya ƙare, ta ƙi sabuntawa. Tsohuwarta tana ƙauye, ƙafa ta fara gagarar ta. Ta ce da ni da guntun Turancinta, "Na ga naki, oun. Ni ba zan ji nawa a waya ba." Ban hana ta ba. Ta yi daidai, Mama, shi ya sa maganar ta yi mini zafi.

Oga Wim ne ya kai mu filin jirgi da motarsa. Ya ce mata "tot ziens", ya fassara mana: sai an sake ganin juna. Ita ta haɗa tafukanta a ƙirji ta ce "lia hai". Na tambaye ta ma'anarsa. Ta ce, na yi sallama ke nan. Babu alkawarin komai a ciki, kuma dukanmu mun san ba za ta dawo ba.

Yanzu wata ce a gadonta, ba ma jin yaren juna sai gaisuwa. Ran Juma'a, ranar hutunmu a nan, in na taso daga coci nakan hau jirgin ƙasa na metro zuwa unguwar Al Rigga, in tsaya kusa da 'yan kasuwar Kano don kawai Hausa ta shiga kunnena. Ba su san ina ji ba.

A motar dawowa daga filin jirgi na tuna ni da ke ba mu yi sallama ba. Kina cikin ba ni labarin gyaɗar da kika shuka katin waya ya ƙare, na ce a raina gobe zan kira. Na yi ta auna wace sallama ce tamu, ta Sophea ko ta Oga Wim. Ta Oga Wim na ɗauka, Mama, don ita ce ta dace da abin da kika koya mana.

Ubangiji ya ba ki hutawa a wurinsa. Ya ja kwanan tsohuwar Sophea, su ci shinkafa tare su ƙoshi. Ni kuma ya kai ni Numan lafiya, in ga inda aka kwantar da ke.

Sai mun sadu.

'Yarki,
Rifkatu