Irin da Ba a Binnewa

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. Yaya ƙafar, ta yi sauƙi? Yaya Inna da su Yaya Sani, yaya kuma damina? Mu nan Cheras, a ƙasar mutane, lafiya lau, alhamdulillahi.

Baba, noma na yi a baranda, na kuwa sha kunya. Jikarka Amira ta ga furen popi a littafin makaranta, ta hana ni sakat, sai da na sayo irin. Ƙanana ne, ko gero ya fi su girma. Na shuka su yadda ka koya mini: na tona, na zuba, na rufe, na danne. Sau biyu ina yi, ko tsinke bai fito ba. Haushi ya kama ni, ni 'yar manomi guda!

Maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar Sin, ta leƙo ta yi dariya. Wai sai irin ya sha sanyi a firji, sannan a barbaɗa shi a saman ƙasa, don haske yake so. Na yi, ba don na yarda ba.

Shekaranjiya da safe Amira, wadda kake ƙorafin cewa da Turanci take amsa maka a waya, ta rugo kicin tana ihu: "Umma, ya tsiro!" Da Hausa, Baba! Ban ma je duba shukar ba, rungume ta na yi.

An ce zafin garin nan kan kashe popi. A taya mu addu'a, shi da Amira duk su kama ƙasa. A gaida Inna da kowa da kowa.

'Yarka,
Hadiza