Agogon Gida a Kwamfutocin Mutane

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan ƙafar nan ta yi sauƙi. Ya Baba, ya su Yaya? Ni lafiya lau, sai ɗan tarin da ƙurar shago ke sa ni, shi ma bai kai a faɗa ba.

Aikin dai yana nan. Tsofaffin kwamfutocin da aka fid da rai da su muke gogewa, mu ɗora musu Linux, wata manhaja ta kyauta marar nauyi, sai ki ga tsohuwa ta miƙe da gudu. Ana cikin ɗorawa takan nuno taswirar duniya, ta tambayi inda mutum yake don ta saita agogo. Inna, ashe duk watan nan garinmu hannuna yake dannawa ban sani ba. Guda goma sha ɗaya aka dawo mana da su, wai agogonsu ya yi baya da awa uku, daidai tazarar lokacin ƙasar nan da na gida. Mai shago ya canja batir har ya gaji kafin ya gano. Ya ce, "Ke gangar jikinki ce kawai a nan. Kika kuma, ki nemi wani aikin."

Kada ki damu, na gyara su. Ɗaya kawai na bari a teburina, mai fasasshen gilashi, wadda ba mai saye. In ta nuna ƙarfe huɗu, na san kin shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa kina jiran Baba. Sai in matsa gefen benci, in bar miki wuri.

Ki sa mini albarka.

Autarki