Tsohon Keken Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Ina miƙo maka gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau muke. Tarin Inna ya lafa, maigidana kuma yana nan yadda ka san shi, kullum kukan gajiya.

Ka tambayi dalilin da ya sa Baba ya daina aiko maka da waƙoƙinsa, ko ciwo muke ɓoye maka. Ba ciwo ba ne, kyautarka ce. Tun da keken ɗinki na lantarki da ka aiko ya shiga shago, muka tura tsohon keken bayan ƙofa, Baba bai ƙara haɗa baiti ko ɗaya ba. Aiki yana tafiya, gwiwarsa mai ciwo ma ta yi sauƙi yadda likita ya so, amma sai ya wuni shiru, har abokan hirarsa na bakin shago sun fara janye jiki. Da ƙyar na tono shi. Ya ce shi bai taɓa zama neman waƙa ba. Ƙafarsa ke taka feda, bugun ya ba shi karin waƙa, kalmomi su biyo baya da kansu, ko a kan mai kawo wando a rage masa ƙugu, ko matar da ta kawo ɗinkin jaririn da ba ta haifa ba tukuna. Sabon keken kuwa, in ji shi, kukan sauro kawai yake yi, babu inda mutum zai rataya magana. Wallahi ya ba ni tausayi, kuma na ji haushin kanmu, mu da muka tashi cikin ƙarar nan amma ba mu gane ba.

Likita dai ya hana shi takawa, ni ma ba zan bari ba. Sai na jawo tsohon keken na zuba masa mai. Da yamma nakan zauna in yi ta takawa, ba zare ba yadi, shi yana gefe a kujera. Masu wucewa na yi mini kallon mai taɓin hankali, ko a jikina. Ya samu 'yan baitoci, rabinsu tsiya ce yake yi wa ƙafata, wai gaggawa gare ta kamar mai gudun ruwan sama.

Inna na gaishe ku, haka Goggo da Kawu mai walda. Ka shafa mini kan yara, ka gaida mai ɗakinka da kyau.

Jiya Baba ya ce a cikin 'ya'yansa kai kaɗai ka iya riƙe bugun daidai, tun ƙafarka da ƙyar take kaiwa feda. Ka san halinsa, ba zai taɓa buɗe baki ya ce ka zo ba. To, ni na faɗa. Ka zo, kada ka jira sai hutun yara.

Ni ce,
Yayarka