Bakin Ruwan da Ka Saya

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi Saƙa, wato mai ɗaukar ruwa, wanda ke kwance a ƙasar da ban taɓa takawa ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, tare da durƙusawa har ƙasa, ina fatan ka iske sauƙi a makwancinka, amin.

Baba, na san ko da kana da rai sai an karanta maka wannan takarda. Duk da haka na rubuta. Zan ba wani alhaji mai komawa gida ya kai wa masu jarida, kuma zan karanta ta da ƙarfi a majalisar dattawan unguwarmu Nuzla, domin akwai waɗanda ke shirin yin abin da ka yi. Hausata ta cuɗe da Larabci, kowa ya yi haƙuri. A nan Jidda aka yanke mini cibi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Inna ta ɗaure kayanta, ta ce sai an kai ta inda kake. Ka kuwa san doka: wanda ya miƙa iƙamarsa, takardar izinin zama, ya fita, ya fita ke nan. Idan na raka ta, na rabu da garin da na sani kaɗai a duniya. Idan na ƙi, tsohuwa za ta hau jirgin ruwa ita kaɗai. Kai ka jefa mu cikin wannan, saboda haka kai za ka saurare ni.

Tun da na yi wayo da zaffa na san ka, sanda a kafaɗa, garwa biyu na lilo gaba da baya. Ka cika a bazan, matattarar ruwan unguwa, ka nufi dogayen gidajen cikin gari, ka hau bene bayan bene kana cewa “Ɗariƙ, ɗariƙ!” wato a ba da hanya, don mata su kauce. Kantar da ke kafaɗarka ta fi tafin ƙafata tauri. Ina yaro nakan danna ta da yatsa in ga ko za ka ji zafi.

Ranar da yaran unguwar Sharafiyya suka biyo ka suna “Ya Takruni, ya Takruni,” gorin da ake yi wa baƙi irinmu, na fasa wa ɗayansu baki. Ban sami yabo ba. Kunnena ka murɗe, ka ce, “Bar su. Ruwan da na kai gidansu ne ke yawo a cikinsu.”

Labari ɗaya gare ka, mun ji shi har mun haddace. Kana ɗan ƙarami iyayenka suka taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa za su Makka. A hanya kuka iso Tafkin Chadi. Ka kwanta rub da ciki ka kafa baki, ka sha, ka sha, ba wanda ya miƙo hannu ya ce biya. Sunan ƙauyenku ya ɓace maka, fuskar kakarka ta ɓace maka, amma wannan shan ruwan bai ɓace ba. Kakan ce, “Akwai inda ruwa ba shi da mai shi, Sale. Can zan tsufa.”

Ni kuwa ba makaranta. A jikin jaridar da ake naɗe mana gurasar tamis na koyi baƙaƙen Larabci, na boko kuma a takardun da alhazai ke ƙunso goro. Kai ne ka fi kowa alfahari da haka. Sai ka tara maƙwabta ka ce in karanta musu labarin duniya, ga maiƙon ful, dafaffen wakensu, ya cinye rabin labarin, ni kuma in cike sauran da kaina.

Sai shekarar da Alhaji Modu ya sauka a ɗakinmu, mai fataucin bandar kifi daga arewacin Baga. Ya ce yana da fili a bakin tafki, ruwa na taɓa gindin itatuwansa, kuma zai bar maka a kuɗin da ba zai saya maka ko makewayi a unguwar Waziriyya ba, in da ma an yarda irinmu su saya. Ina zuba muku shayi na ga idonka ya canja.

Ban manta maganar da kuka yi ba, kalma bayan kalma. Ya ce, “Malam Idi, ka sani fa, ruwanmu yana tafiya yana dawowa.” Ka yi dariya ka ce, “Ai namu ma haka yake, Alhaji. Da safe ya ja, da yamma ya dawo.” Ya gyaɗa kai, ka gyaɗa kai, kuka shafa fatiha.

Wayyo, Baba. Kai tekun Jidda kake nufi, wanda ke ja da baya ɗan taku kaɗan ya bar wa yara ƙaguwa, kafin magariba ya komo. Shi kuwa yana nufin ruwan da kan tafi yaro na goye, bai dawo ba sai yaron ya yi gemu. Hausa ɗaya kuka yi, kowa da abin da ya ji.

Na yi maka tsiwa a ranar, amma ba a kan wannan ba, don ni ma teku kaɗai na sani. Cewa na yi, ta yaya mutum zai kwashe gumin rayuwarsa ya sayi abin da bai gani ba? Ka kalle ni ka ce, “Kai ka ga Aljanna ne da kake tashi asuba?” Dattawa suka kwashe da dariya. Na yi fushi na fice.

Shekaru suka yi ta tafiya kana aika wa Alhaji Modu abin da ka samu ta hannun alhazai. Famfo ya shiga gidaje, motocin ruwa suka cika gari, masu kiranka suka ragu. Ba ka damu ba. Idan Inna ta yi ƙorafin zafi sai ka ce ta ƙara haƙuri, can iska daga kan ruwa take tasowa. Har inda za ka ɗaure kwalekwale ka zaɓa, kai da ba ka iya iyo ba.

Ranar tafiyarka, a bakin mina, tashar jirgin ruwa, ka ce za ka riga mu ka kafa ɗaki, sannan ka aiko. Ka bar sandarka da garewaninka a bayan ƙofa, ka ce wa Inna ta ba duk mai so, kai da su halas, wato an gama. Ni kuma ka dafa kaina ka ce, “Ka rage baki.” Ban rage ba, ga shi kana gani.

Ba saƙo, ba ɗan aike. Sai hajjin bana Alhaji Modu ya yi sallama a ƙofarmu, ya cire hula tun kafin ya zauna. Inna ta gane, ta juya ta shige. Ni na ci kwalarsa. Tsoho ne sa’anka, na jijjiga shi ina ce masa ɓarawo, macuci, duk abin da ya zo bakina da Hausa da Larabci. Bai ɗaga hannu ba. Ya bari na gaji, sannan ya ba ni labari.

Ya ce a tsakiyar fari ka isa. Ya kai ka filin, ka tsaya kana waige-waige, ka tambaye shi ina ruwan. Babu. Ƙasa ce ta tsattsage kamar tsohuwar tukunya, kwalekwale a kife, ƙashin kifi a cikin ƙura. Mai son ganin ruwa sai ya fita da sassafe, rana ta take kafin ya taka taɓo. Ya ce ya roƙe ka ka karɓi kuɗinka, ko ya ba ka ɗaki a gidansa. Ka ce ka saya, an shafa fatiha, magana ta ƙare.

Ya ce ka kafa ɗakin kuwa, ƙofarsa na kallon inda ruwan yake a da. In masu wucewa suka tsokane ka, “Ɗan Makka, ina tekun naka?” sai ka ce, “Da yamma zai dawo.” Suna dariya, kana dariya.

Abin da ya faɗa bayan nan ne ya sa na sake shi na zauna a ƙasa. Matasan ƙauyen duk sun bi kifi, an bar tsofaffin mata, rijiya kuma da nisa. Ka sari reshe, ka samo garwa biyu, ka ɗaura igiya. Kai, Baba! Kai da ka ƙetare teku da Sudan gaba ɗaya don kada ka sake ɗaukar ruwa. Gida-gida kake kaiwa, ba ka karɓar ko anini, kana shiga kana cewa “Ɗariƙ,” su kuwa ba su san me kake nufi ba. A kan wannan hanyar ka faɗi. A cikin filinka suka binne ka.

Na nemi maƙaryaci a cikin wannan magana in huce a kansa, ban samu ba. Alhaji Modu ya faɗi gaskiya. Kai ma gaskiyar da ka sani ka faɗa. To wa zan zaga? Ruwa? Ina zaune a shagon gyaran rediyo ina murɗa waya, sai in rasa wanda zan jefa da guduma.

Da Inna ta fita takaba ta fara ɗaure kaya, na tare ta. Na ce babu ruwa a can, babu tafki, babu iskar da aka yi mata alkawari. Ta ce, “Ba ruwana da ruwa.” Na ce ga asibiti a nan, ga aikina. Na ce mutane na sayar da gonakinsu don su zo su mutu kusa da Ɗakin Allah, ke kina kusa za ki tafi? Ba ta ko ɗago daga ƙullin da take yi ba. Ta ce, “Ɗakin Allah ba ya rasa baƙi. Ubanka ne ba shi da kowa.”

Baba, ka san ba a taɓa rufe mini baki ba. Ranar an rufe.

Jidda ba ta taɓa cewa ni nata ne ba. Kowace shekara sai na bi layi na roƙi izinin zama a garin da aka haife ni. Amma ita na sani. Na san warin mina da la’asar, na san wane mai ful ne ke ƙara mai in ka yi masa barkwanci, na san lungun da za ka bi in an fito kame. Can kuwa ban taɓa riƙe fartanya ba. An ce in ruwa ya janye ƙasar tana yin wake da masara. Wake a kwano kawai na sani. Nan ni Takruni ne, can kuma na ji ɗan Makka za a kira ni. Wato ko’ina da sunan wani gari za a kira ni.

Jiya na je wurin kafilina, mai shagon da iƙamata ke hannunsa, na ce ya sa hannu a yi mini fita ba dawowa. Ya ajiye sigarinsa ya ce, “Majnun ne kai?” Na ce in hauka ne, gado na yi. Ya yi ta lallashi, har da ƙarin albashi. Da ya ga ba zan juya ba ya ce, “Yalla, Allah ya kiyaye,” ya juya mini baya yana gyaran rediyon da ba abin da ya same shi.

Saboda haka muna tafe, ni da Inna, a jirgin da zai kwashi ragowar alhazai. Kada ka ɗauka na huce. Ina da maganganu da yawa da zan faɗa maka in na tsaya a kanka, kuma wannan karon ba ka da damar ba ni amsar da za ta sa a yi mini dariya. Wallahi, Baba, da zan ba da duk abin da na mallaka ka ba ni ita.

Ya Allah, ga bawanka Idi. Ya shayar da masu kuɗi da talakawa, ya shayar da waɗanda suka zage shi. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa ƙasar da ya kwanta a ciki. Ka sauke masa kaya. Ka shayar da shi daga Alkausara, a miƙo masa yana zaune. Ka kai Inna lafiya, ka ba ni haƙurin da ban gada ba. Amin.

Ka huta lafiya, Baba.

Ɗanka,
Sale,
daga Nuzla, Jidda.