Ni Na Kife Kaskon Ruwan Duna

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Ban yi boko ba, murya na turo, a rubuta a ɓoye sunana. Don Allah kada ku yanke mini hukunci, tsoron da nake ciki ya ishe ni.

Ni dattijuwa ce a wani ƙauye wajen Kirikasamma, kuma kowa ya san ba na ɗaukar wargi. Babban ɗana yana da tsohon kare, Duna, mai gadin tattasansa a fadama tun yana ɗan kwikwiyo. Da ya tsufa, haƙora suka zube, sai ya dawo da shi gida. Ana cikin zafin bazarar nan ɗana ya yi tafiya, na kama Duna ya tsoma baki a kwanon da nake alwala. Raina ya ɓaci, na ɗaure shi bayan rumbu, na kife kaskon ruwansa. Matar ɗana ta ce, "Inna, rana fa." Na ce, "Ke kika haife shi? Wanda ya ba shi ruwa ban yafe ba." Horo na yi niyya, wallahi, sai aka yi rasuwa a Miga na tafi, na manta. Wa zai kwance abin da na ɗaure?

Na dawo na tarar idanunsa sun faɗa, dasashi ya bushe, in ka ja fatar wuya sai ta tsaya. Na kwance shi kafin ɗana ya dawo. Da ya dawo ya ɗauke shi a babur zuwa wurin likitan dabbobi a Haɗejia. Aka ɗebi jini, likita ya ce jinin ya yi kauri, awon ƙoda ya hau sosai, ko ƙishirwa ce ko wani abu ya ci. Ɗana ya ce, "Ƙishirwa a gidan da Inna ke tsaye? Guba ce." Yanzu ya ɗora laifin kan maƙwabcinmu da suka taɓa rigima kan hanyar ban-ruwa, ya rantse in Duna ya mutu sai an kwana a gaban mai gari. Bawan Allahn nan jiya har zaure ya zo yana cewa, "Yaya, ke shaida ce, ni mai kashe dabba ne?" Na kasa ɗaga kai. Matar ɗana kuwa kallona kawai take yi.

An yi wa Duna ƙarin ruwa, za a sake awo. Likita ya ce in awon ya sauko, ƙishirwa ce tsantsa. In Duna ya warke, asirina ya tonu. In ya mutu, an zalunci maƙwabci, ni kuma na tuna wa'azin matar da ta kulle kyanwa ta shiga wuta. Ni da nake yi wa gida faɗan tsarki, da wane baki zan gaya wa ɗana?

Jama'a, gobe ne awon. Me zan yi?