Kafin Idon Kawu Ya Rufe

Soron Ɗinki, Kano
Yuni, 1999

Zuwa ga Yaya Ɗahiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Halima da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau, damina ta sauka.

Yaya, soja sun koma bariki, ana ta cire mana takunkumin da kuka yi ta kira a saka. Har waɗanda suka daina gaishe mu bayan jami'an tsaro sun zo neman ka, yanzu su ne masu tambaya yaushe gwarzo zai dawo. Ban ce ka yi laifi ba, an zalunci mutane kuma ka faɗa. Amma ni takunkumin nan bai burge ni ba. Manyan da aka saka dominsu ko ramewa ba su yi ba, sai ma tumbi. Turawan da ke kawo maganin Inna asibitin unguwa kuwa suka tattara suka tafi, kai kuma hanyar gida ta rufe maka.

Ranar da aka sa muryarka a rediyo kana cewa a matsa wa gwamnati, gidan nan kowa ya tsure, ban da Inna. Ka san ba ta faɗin sunanka, ɗan fari. Cewa ta yi yaron nan mura yake yi, a aika masa ya riƙa shan citta. Har ta rasu ba ta daina kunna rediyon ba. Wannan abu yana ci mini rai har yau.

Ga dalilin wasiƙata. A saƙonka ka ce sai baɗi za ka zo ka yi mata addu'a a kabarinta. Ka manta yadda maƙabartar Goron Dutse take. Babu suna, babu allo, kuma an binne mutane da yawa a gefenta tun daga lokacin. Mu mata ba ma shiga, ni ban taɓa ganin wurin ba. Waɗanda suka kai ta sun ce kaburburan sun shige musu duhu. Kawu Ado kaɗai ya riƙe, don shi ya kafa fasasshiyar tukunya a kai, kuma duk Juma'a yana zuwa. To, ciwon yanar ido ya rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Makon jiya ya dawo ya zauna a soro, da ƙyar ya gaya mini sai da ya daɗe yana zagaye kafin ya gane wurin. Na ce ya nuna wa maigidana, ya ƙi. Ya ce ɗanta zai nuna wa, shi kuma ya nuna wa na baya.

Don Allah kada ka jira baɗi.

Gwaggo Ladi da Hasana suna gaishe ku. Ka shafa mini kan yara. Kawu ya ce in gaya maka bana bai bari ciyawa ta fito a wurin ba, da hannu yake laluba yana cirewa.

Ƙanwarka,
Sa'adiyya