Ikon da suka ba Wasila

Zuwa ga ɗana Mutari, a Yamai. Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Zahra'u da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan Damagaram sai godiya, ƙafar babanka ma ta yi sauƙi.

Maganar ƙanwarka Wasila ce ta sa na ɗauki biro, ka yi haƙuri da rubutun tsohuwa. Ka san su uku ne ma'aikatan jinya a asibitinsu na ƙauye, biyu sun gudu, ita kaɗai ta rage. Maimakon a turo mata mataimaki, sai manya suka kira taro a otel, suka ci kaji, suka ce daga yau an ba ma'aikatan jinya iko. Abin da ta dawo da shi riga ce mai rubutu a ƙirji, wai ita ce ƙarfin asibiti. Da kaina na karanta, ban sa kowa ba. Shi kuma shugabansu, wani Ɗanƙarami mai tumbi, wanda rabonsa da taɓa majinyaci tun kana ɗalibi a lakwal, da ta roƙi hutu sai ya ce ai yanzu ita ke da iko, ta nemo wanda zai tsaya mata. A ina? Cikin kifin tafkin Gidimuni? In magani ya ƙare, ita dangin marar lafiya ke zagi, shi yana cikin mota da sanyinsa.

Ba ramarta ce ta fi tsorata ni ba. Ran Juma'a ta zo gida, 'yarta Lubna ta faɗi ta fasa goshi. Wasila ta wanke ciwon, ta ɗaure, ko fuskar yarinyar ba ta kalla ba, sannan ta ɗaga murya ta ce na gaba ya shigo. A tsakar gidana, Mutari! Wasilar da take kuka in an yanka kaza.

Ka taɓa ce mini abokinka Kassim yana neman ma'aikaciya a asibitinsa na Yamai. Ka same shi cikin satin nan, kada ka ce sai bayan salla. Ni zan shawo kanta, zan kuma riƙe Lubna.

Ka gaida Zahra'u da jikana Mahamud, babanka da ƙanwarka Aisa suna gaishe ku. Rigar kuwa na yaga ta ina goge tukunya, a nan dai ta yi amfani.

Mahaifiyarka mai jiran amsa,
Inna